Kwamfutar da Ke Mutuwa a Tsakiyar Sura

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin mai suka sake ambaliya a ƙasar nan, ofisoshi na ta fitar da tsofaffin kaya suna shigo da sabbi, ni ma rabona ya faɗo. Na samu wata kwamfuta ta kan tebur 'yar gwanjo, mai allo da ƙatuwar ƙeya irin ta tsohuwar talabijin, da akwati fari wanda ya fara komawa ruwan ƙasa. A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Kankara, gidanmu kuma yana Sheme, sai Juma'a da yamma nake komawa in yi Asabar da Lahadi. Na ɗan koyi kwance kwamfuta da ɗaura ta a wurin abokina, wani mutumin Sabuwa mai shagon gyara kusa da namu. Abin da na sani bai taka kara ya karya ba, amma a Sheme injiniya ake ce mini, ni kuwa ban taɓa musa wa kowa ba.

Wata Asabar da safe aka kawo wuta, ina ɗokin gwada wani ɗan makirfo da na sayo. Mahaifina manomi ne, ba wani babban malami ba, amma tun da na buɗe ido na san shi da tilawa bayan asuba har rana ta ɗaga. Na lallaɓa shi ya shigo ɗakina ya yi karatun a gaban kwamfutar. Ya daɗe yana kallonta kamar an kawo masa baƙon bijimi a turke, sannan ya ce, "To, in dai ba ta cizo." Ya shimfiɗa buzunsa ya fara. Bai yi nisa ba wani maƙwabci ya yi sallama, wai rediyonsa ya ƙi kamawa, injiniya ya zo ya duba. Kafin in dawo Baba ya gama ya tafi gona. Na adana abin da aka ɗauka, na saurari farkonsa na ji makirfo yana aiki, na kashe. Abin da ya dame ni ke nan a ranar, makirfo.

Bayan kaka ta wannan shekarar Baba ya kwanta, ciwon bai ja ba, Allah ya karɓi abinsa.

Mahaifiyata ta shiga takaba, ƙanwata ta baro gidan mijinta ta zo ta zauna da ita. Inna ba mai yawan kuka ba ce, shirunta ne ya tsorata mu. A ajiye mata tuwo a dawo a tarar da shi yadda yake. Matar da ke tashin gidan nan kaf da faɗan awaki da kaji, sai ga ta tana wuni a bakin gado da carbi. Har zafin bazara ya fara shigowa ba ta sake ba. A nan ne na tuna da karatun nan da ke kwance a cikin kwamfuta.

Na kwashe ta na kai ɗakin Inna. Allon na ɗora a kan ɗan tebur, akwatin kuma na tura shi ƙarƙashin tebur ɗin, a ƙasa, yadda muke yi a shago. Na kunna. Muryar Baba na fitowa Inna ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. Na san dalili. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, ina za ta zauna a gabana tana sauraron muryar mijinta ido na zubar da hawaye? Ni ma gaskiya na ji daɗin tsayarwar.

Ta nuna allon ta ce, "Karatun cikin wanga yake?"

Na ce, "A'a Inna, wannan na kallo ne kawai. Yana cikin wancan na ƙasa."

Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ce, "Nan ƙasa?"

Na ce e, nan ne wurinsa. Ban tsaya na ji abin da ke bayan tambayar ba, na juya kan ƙanwata ina koya mata yadda za ta tada janareta, da inda za ta danna. Sannan na kafa dokoki kamar sabon hakimi. Kada a motsa komai. Kada a cire waya ko ɗaya. Kada kowa ya kuskura ya soka mata filas, ko ɗan uban wane ne. A lokacin nan cutar kwamfuta ta yi yawa, filas ɗaya sai ya shafe wa mutum aikin shekara, na gani da idona a shago. Muryar Baba kuwa a wuri ɗaya take a duniya, a cikin faifan ajiyar wannan akwati, kuma kwamfutar ba ta iya buga faifan sidi. Sai na yanke cewa babu abin da zai shiga, babu abin da zai fita, sai na samo na'urar bugawa daga Kano.

Juma'ar da ta biyo baya ƙanwata ta tare ni tun daga zaure. Ta ce, "Yaya, abin ga mutuwa yake. Baba na cikin karatu sai ɗif."

Na shiga na tarar da komai yadda na bari. Na kunna, ta tashi lafiya lau. Na bar ta a kunne tun la'asar har magariba, ko tari ba ta yi ba. Karatun dai ban saka ba, don Inna ba za ta saurara a gabana ba, ni ma ba zan iya ba. Na ce wa ƙanwata ƙila ƙafarta ce ta taɓa waya. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi Inna, ta fasa.

Sati na gaba, labari bai sake ba. Nan na naɗe hannun riga. Na buɗe akwatin na ciro ram, wato ɗan siririn katin nan da kwamfuta ke tunani da shi, na goge haƙoransa da abin goge fensir na mayar. Na matse kowace waya. Na canja igiyar wuta. Na zargi janareta, na sayo sitabilaiza na haɗa. Duk ranar da nake gida kwamfutar nan lafiyarta ƙalau, ina juya baya ta koma halinta. Na fara jin haushinta irin haushin da ake ji wa yaron da ke ladabi a gaban uba kawai.

Da abin ya ishe ni na ɗaure akwatin a bayan babur na kai wa abokina Kankara. Shi mutum ne mai sanyi, ba ya taɓa sukudireba sai ya gama tambaya. Ya ce, "Tana mutuwa nan take, ko sai ta ɗan jima?" Na ce sai ta jima. Ya ce, "In an sake kunnawa hwa?" Na ce ƙanwata ta ce ba ta tashi sai an bar ta ta huta. Ya kaɗa kai ya ce, "Zafi ne. Wagga alama ta zafi ce." Ya buɗe, ya duba fanka, ya goge tsohon man da ke kan ƙwaƙwalwarta ya shafa sabo. Ya lakato wani abu ja-ja mai danƙo a fiffiken fankar, ya kai hanci, ya yi dariya.

"Injiniya, kwamfutarka ƙamshin amare take."

Na ce ɗakin Inna ne, kowa ya san ɗakin tsofaffi da turaren wuta. Muka rufe ta, muka bar ta tana aiki wuni guda a cikin zafin shagonsa, ba ta ko gezau ba. Ya ce tunda ga ta a nan, mu kwafe karatun a filas ɗinsa. Na ce filas ɗin da ya gama yawo a kwamfutocin Kankara kaf? Allah ya kiyaye. Ya ce, "To, kai ka sani. Amma duk mutuwar da take yi bagatatan, faifan ajiya take wahalarwa. Wata rana ba za shi tashi ba."

Na mayar da ita gida da wannan magana tana ci mini rai. A wannan zuwan ne ƙanwata ta ja ni bayan rumbu ta faɗa mini abin da ya fi ciwon kwamfutar nauyi. Ashe kusan a wuri ɗaya take mutuwa kullum, a tsakiyar sura. Inna ba ta taɓa jin Baba ya kai ƙarshe ba. Shi kuwa a rayuwarsa ko gobara ake ba ya barin sura a rataye. Sai Inna ta fara saƙa wani abu a ranta.

Ƙanwata ta ce, "Cewa take halan fushi Baba yake da ita. Wai ko akwai abin da ta yi mashi bai yafe ba, shi ya sa in ta zamna saurare sai shi yanke."

Na ce wannan ai ba magana ba ce, ƙarfe ne da waya. Ta ce, "Je ka hwaɗa mata." Ban je ba. Da wane baki, ni da na kasa gano ciwon?

Ana haka, wata Talata da hantsi ina shago wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce tana kuka. Ta ce kwamfuta ta yi wani tas, hayaƙi ya fito, yanzu ko fitila ba ta kawowa. Ban san lokacin da na isa shagon abokina ba. Bai ce mini na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Ya ciro akwatin wuta daga wata matacciyar kwamfuta, wato ɗan ƙaramin akwatin da ke raba wa sauran kayan ciki lantarki, ya jefa a jaka tare da wani filas sabo dal a ledarsa, ya hau bayana. Hanyar Kankara zuwa Sheme ban taɓa jin tsawonta irin na ranar ba.

Muna shiga ɗakin Inna na duba ƙarƙashin tebur, babu akwati. Na ɗaga kai.

Yana can sama, a kan manyan akwatunan kayanta. An shimfiɗa buzun Baba an ɗora shi a kai. An kuma sa masa riga. Inna ta yanka wani tsohon bargon Baba, ta ninka shi biyu, ta cusa audugar gonarmu a tsakani, ta bi shi da ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana, ta fitar da shi daidai jikin akwatin, har da murfi da maɗauri irin na gafaka. Ƙofa biyu kawai ta bari, ɗaya ta wayoyi, ɗaya ta wurin dannawa. A gefe ga kaskon turare, tokarsa ba ta gama hucewa ba. A cikin wannan zafi na bazara, wanda mutum ma da ƙyar yake numfashi.

Nan take komai ya warware mini. Duk Litinin ina fita su ɗaga shi sama su tufatar da shi, duk Juma'a kafin in iso su tuɓe shi su mayar ƙasa, saboda dokar injiniya. Na buɗe baki, abin da zai fito ba mai daɗi ba ne, sai na ji abokina ya take mini ƙafa.

Ƙanwata ta ce ta so ta sauke kafin mu zo, Inna ta ce a bari in gani.

Inna na zaune a bakin gado, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na tambaye ka, ka ce karatun cikinshi yake. Ni tun da nike ban taɓa ganin an aje maganar Allah a ƙasa tsirara ba, inda ƙafa ke wucewa. Malam ko allo bai yarda a jingine shi a ƙasa. Na kasa barci da shi a nan." Sannan ta ce da ƙaramar murya, "Ni na kashe shi ko?"

Wallahi har yau ban manta da tambayar nan ba. Abokina ne ya durƙusa ya ce, "Inna, ba ki yi laifi ba, girmamawa ce kika yi. Sai dai abin ga numfashi yake kamar mutum, ta waɗanga ƙananan ƙofofi. In an rufe su sai zafi ya kama shi ya suma. Shi ya sa yake yankewa wuri ɗaya, nan ne zafin ke kai mashi. Ba Baba ba ne."

Ta ɗago ta dube shi da kyau. Ta ce, "Ba Malam ba ne?"

Ya ce, "Zafi ne, Inna. Mu da muka sani ne ba mu yi maki bayani ba."

Muka fito da tebur tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, don babu wanda ya isa ya sake ajiye akwatin nan a ƙasa. Muka tuɓe masa riga. Warin ƙonewa da ƙamshin turare suka fito tare. Akwatin wuta ne ya ƙone, fankarsa ta daskare da danƙon hayaƙi, ko da yatsa ba ta juyawa. Abin tsoron shi ne, in irin wannan akwati zai mutu wani lokaci yakan ja na kusa da shi su tafi tare. Abokina ya cire wayar komai, ya ɗaura wanda ya zo da shi, ya bar faifan ajiya a gefe tukuna. Ya danna. Fanka ta juya, kwamfuta ta yi ɗan kukan nan guda ɗaya mai nuna lafiya. Ya kashe, ya haɗa faifan, ya kafa masa bakin sukudireba, ya sa ƙotar a kunnensa kamar likita. Ya ce in danna. Na danna.

Ina kallon fuskarsa. In faifan ya yi ƙas-ƙas, shi ke nan, muryar ta tafi. Ya rufe ido ya daɗe, ni kuwa duk addu'ar da na iya ta tsere mini, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa. Can ya miƙo mini ƙotar ya ce, "Ji." Na kara a kunne. Wani siririn zuuu ne, a miƙe, babu tangarɗa.

Allo na kawowa ya ɓare ledar filas ɗin ya miƙo mini. Na karɓa na soka da hannuna. Dokar da na kafa, ni na fara karya ta, kuma ban taɓa jin daɗin karya doka irin na ranar ba.

Muka mayar da kayan ɗaki, akwatin a sama inda Inna ta zaɓa masa, amma babu riga, babu buzu, babu kasko. Abokina ya fice zaure. Na kunna karatun na juya zan bi shi, sai Inna ta ce, "Zamna." Na zauna a bakin ƙofa, na ba ta baya.

Baba ya yi ta karatu da muryar nan tasa mai ɗan kaushi, yana ja inda ya saba ja. Da aka zo wurin da ake yankewa na gane, don carbin Inna ya tsaya, ƙanwata kuma ta riƙe numfashi. Ya wuce. Ya ci gaba abinsa, aya bayan aya, har ya sauke surar ya shafa addu'a. Na miƙe zan kashe, sai na ga abin bai ƙare ba. Aka ji motsin buzu. Daga can nesa aka ji muryar mace tana kora akuya, sannan ta ɗaga murya, "Malam, kunun ga zai huce hwa!"

Muryar Inna ce, ta da, mai ƙarfi.

Baba ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Aka ji ya matso kusa da makirfo, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Kai abin ga, in kana ɗauka, ɗauki wanga. Tun da aka kawo matar can gidan ga ban taɓa shan kunu mai sanyi ba. Ban taɓa hwaɗa mata ba, kar kanta ya kumbura. Allah shi saka mata da Aljanna." Sai ya ɗaga murya, "Ga ni nan tahe!"

Babu wanda ya motsa a ɗakin. Da na waiwaya, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Sannan daga cikin mayafin ta ce, "Malam da surutu." Ta ƙara da cewa, "Ashe shina lura."

Da yammar nan ta ci tuwo, har ta yi wa ƙanwata faɗan gishiri ya yi yawa.

Daga baya kafinta ya yi wa akwatin kanta mai tsawo, buɗe ta kowane gefe. Inna ta amince da wani ɗan farin ƙyalle a samansa kawai, turare kuma aka ce sai kwamfuta na kashe, daga can bakin ƙofa. Rigar ba ta yar ba, ta ninke ta ta sa a akwatinta.

Gyaran kwamfuta ya zama sana'ata har yau. In aka kawo mini wadda ke lafiya a shago tana ciwo a gida, ba na fara buɗe ta. Nakan tambaya a ina take kwana, wa ke kula da ita, sannan in yi shiru in saurari amsar har ƙarshe, abin da ban yi wa mahaifiyata ba ranar da ta ce mini "nan ƙasa?" Na daɗe ina ganin ita ce ta kusa halaka muryar nan da bargo. Sai da na girma na ga ni ma haka na yi da dokokina, kowannenmu ya ƙanƙame abin da yake so har ya kusa shaƙe shi.

Inna ta bi Baba shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansu. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa. Muryoyinsu biyu yanzu suna cikin wayata, shi yana karatu, ita tana kiransa. Na san sarai ƙarfe ne da waya, ni nake koya wa mutane haka. Amma ko a masallaci, in na zauna, ba na iya ajiye wayar nan a ƙasa. Sai dai in ɗora ta a cinya.